Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Yadda Muka Koma Kan Keke

 Masu shirya wannan littafi sun roƙe mu mu rubuta 'yan kalmomi a kan abin da da yawa daga cikinku kuka gani da idanunku, wasu kuka yi dariya, wasu kuka yi tafi, wato ayarin mata a kan kekuna da ke fita ta ƙofar makaranta da sassafe a kowace Asabar ta farkon wata. Mu ne waɗannan mata. A cikinmu akwai malamai, akwai masu dafa muku abinci, akwai mai kula da ɗakin shan magani, akwai kuma iyayen wasunku daga ƙauyukan da ke kewaye. Ƙaramarmu ba ta kai shekara 30 ba, babbarmu kuwa ta aurar da jika. Abin da ya haɗa mu shi ne, kusan dukanmu mun taɓa iya keke muna yara, dukanmu kuma mun bar shi shekaru masu yawa.

Yadda muka koya, da yadda muka bari

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Kunchi zuwa Dambatta, da wuya ka shiga zauren gida ba ka ga keke a jingine ba. Keken maigida ne. Da shi yake zuwa gona, da shi yake kai hatsi kasuwa, da shi yake zuwa ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna Raleigh, keken Ingila wanda daga baya aka riƙa harhaɗa shi a nan Kano, da kuma Phoenix na ƙasar Sin, baƙi mai nauyi, wanda ake ɗora wa buhu guda a kariya ya tafi abinsa. A wancan zamani, in mutum ya sayar da gyaɗa ya sayi sabon keke, har maƙwabta sukan zo yi masa Allah sanya alheri.

Mu 'yan mata ba wanda ya tsaya ya koya mana. A ɓoye muka koya. Sai Baba ya dawo daga gona ya kishingiɗa a inuwa, sa'an nan mu ja keken a hankali mu fita ta bayan gida. Ƙafarmu ba ta kaiwa daga sirdi zuwa feda, saboda haka sai mu zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, mu karkace, mu yi ta murzawa kamar za mu faɗi, wani lokaci kuwa mu faɗi ɗin. Wasu a keken haya suka koya, ranar kasuwa, da 'yan kwabban da suka tara daga tallar gyaɗa. Har wa yau akwai waɗanda ke ɗauke da tabon wannan karatu a gwiwa.

Sai girma ya zo. Babu ranar da aka tara mu aka ce daga yau an hana, a hankali abin ya shigo. Yarinya ta fara zama budurwa, sai goggonta ta ja ta gefe ta ce, "Ke fa kin girma. Ki bar hawan keken nan, kada a ce ba ki da kamun kai." Wata aka ce mata keke yana hana haihuwa. Wata kuwa daga gidan saurayinta aka aiko da magana. Da aka yi aure zance ya ƙare. Keke ya zauna a zaure, mu muka koma ƙafa, da kaya a ka da goyo a baya.

Abin da ya sa muka waiwaya

Ƙasarmu cike take da mutane. Wani masani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi bincike a kan ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun a shekarun 1960. Abin da ya rubuta mun san shi tun daga gida: gona tana manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar gida, ƙauye kuma yana hango ƙauye. Saboda haka yawancin wuraren da mace take bukatar zuwa ba su da nisa ƙwarai. Asibitin sha-ka-tafi, injin niƙa, kasuwa, gidan iyaye, makarantar yara, duka ba su wuce kilomita 3 ko 5 ba, in ya yi yawa 8. Irin wannan tafiya tana cinye rabin yini ga mai ƙafa da goyo, ba ta kuwa kai a zauna jiran mota ba. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 5 a awa guda. Mai keke, ba tare da gaggawa ba, yakan ci 12 zuwa 15. Tafiyar awa guda ke nan ta koma minti 20 ko 25.

Shekaru da yawa acaɓa ne ya rufa mana asiri. A cikin birni, gwamnatin jiha ta kawo babura masu ƙafa uku, A Daidaita Sahu, a shekara ta 2005 domin ɗaukar mata, a shekara ta 2013 kuma aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano. Amma mu a ƙauye, inda hanyar burtali ce da rairayi, babur mai ƙafa biyu shi ne motarmu. Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ƙarshen shekara ta 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Ɗan acaɓa shi ma da iyalinsa, dole ya ƙara kuɗi.

A cikin makarantar nan muka fara ganin abin da hakan ya haifar. Ɗaya daga cikin iyayenmu masu dafa abinci, wadda ƙauyensu ke da nisan kamar kilomita 6, ta lissafa ta ga kuɗin babur zai cinye mata kaso mai tsoka na albashi, sai ta koma fitowa tun da duhu a ƙasa. Malamar ɗakin shan magani, wadda ke taimakawa a asibitin sha-ka-tafi ranar awo, ta ce mata masu ciki sun fara tsallake ranakunsu, ana kuma jinkirta kawo jarirai rigakafi. Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na wata uwa, wadda ɗanta ɗan shekara 4 ya kwana da zazzaɓi mai zafi. Maigidanta ya tafi ci-rani, babu kuɗin babur a hannunta. Ta goya yaron ta taka da ƙafa cikin rana har asibiti. Allah ya taimaka yaron ya tashi. Amma sa'ad da ta fito daga gida a ranar, ta cikin zaure ta bi, ta gefen keken mijinta, lafiyayye, da iska a tayoyinsa. Ta kuwa iya hawa tana yarinya.

Muna cikin wannan zance a ɗakin malamai, sai wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana daga ƙasar Igbo ta sa baki da 'yar Hausarta. Ta ce, "Mama, a garinmu kakata ce take kai rogo kasuwa a keke. Ku ga keke, ga hanya babu tudu. Me ya hana?" Muka yi dariya muka ce ba ta san garin ba. Wani malami da ya taɓa zuwa Wagadugu ta Burkina Faso ya ce can ma haka ne, mata a kan keke ba a ko waiwayarsu. Aka tashi, amma tambayar yarinyar nan ta bi kowaccenmu gida.

Shiri

Da muka yi ta juya maganar, muka gane iyawa ba ita ce matsalar ba, keke kuma akwai shi a zaure. Abin da babu wadda za ta iya shi ne ta zama ita ce mace ta farko, ita kaɗai, da za ta ratsa tsakiyar ƙauye a kan keke ana kallonta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka ce to, mu fita tare.

Da gaisuwa muka fara. Kowace mai aure ta sami maigidanta ta yi masa bayani a tsanake. Wani ya yi shiru kwana biyu, sa'an nan ya ce, "In dai tare za ku, ba ke kaɗai ba, ga keken nan." Wani ya ce sai ya ga matan wane da wane sun fita tukuna. Wani kuwa ya ce a'a, har yau kuma bai sake magana ba. Matarsa ba ta cikin ayarinmu, ba mu kuma ga laifinta ba. Ita ce take tsayawa a ƙofar gidanta da ƙwaryar ruwa duk ranar da muka bi ta unguwarsu.

Manyanmu uku suka je wurin dagaci da goro. Suka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne kada ka ji a bakin wasu." Ya saurara, ya tambayi hanyar da za mu bi, ya ce mu guji babban titi, ya kuma sa mana albarka. Shugaban Makaranta ya ba mu filin ƙwallo da sassafe kafin ɗalibai su fito.

Mu 14 muka rubuta suna, kekuna 9 muka samu, duka na aro, daga mazaje da ƙanne da 'ya'ya. Wata ta ce tana jin nauyin aron keken ɗanta. Sai malamar wasanni ta ba mu labarin Ese Ukpeseraye, 'yar Jihar Delta, wadda ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a wasannin Olamfik, a birnin Faris na ƙasar Faransa a shekara ta 2024. A wani sashe na gasar, keken da ta hau aronsa ta yi daga wurin 'yan wasan Jamus. Muka ce in har a gaban duniya an hau keken aro, mu a burtali me zai dame mu?

Muka kai kekunan wurin tsohon nan mai faci da ke zama a gindin tsamiya a mararraba. Ya duba birki ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa sarƙa mai, ya sauke kowane sirdi ƙasa yadda mai hawa za ta iya dafa ƙasa da ƙafafunta biyu tana zaune. Kuɗin kayan da ya sauya kaɗai ya karɓa. Ya ce, "'Ya'yana, in kun iya, ai ni kasuwa ta buɗe mini."

Asabar uku muka yi a filin ƙwallo. Ga yadda muka bi, ko zai amfani wata. Wadda tsoro ya yi wa yawa, sai a cire mata feda gaba ɗaya, ta zauna a sirdi tana tura keken da ƙafa, tana ɗaga ƙafafun kaɗan-kaɗan har ta ji keken ya tsaya da ita. Sa'an nan a mayar da feda. Muka koyi cewa mai kallon tayar gaba ita ce take faɗuwa, gama keke yana bin inda ido ya nufa, saboda haka sai a kafa ido a kan turken raga can nesa. Muka koyi cewa tafiya a hankali ƙwarai ita ce take sa keke rawa, in an ɗan ƙara murzawa sai ya daidaita. Muka kuma koyi kama birki tun kafin mu koyi gudu: a matsa na baya tukuna, a bi da na gaba a hankali, gama wadda ta damƙe na gaba shi kaɗai da ƙarfi, ta kan keken za ta wuntsila.

Abin mamaki, yawancinmu ba mu kai rabin awa ba jiki ya tuna. Babbarmu, wadda muke kira Inna, ta shekara fiye da 40 ba ta hau ba. Ta zagaya filin sau ɗaya tana layi, ta sake zagayawa a miƙe, ta tsaya tana haki ta ce, "Ashe ƙafa ba ta mantuwa."

Kafin ranar fita muka amince da ƙa'idodi shida:

1. Wadda ta fi kowa rauni ita ce a gaba, tafiyarta ita ce tafiyar ayari. Ba tsere muka fito ba.
2. Wadda ta fi kowa iyawa ita ce a ƙarshe, da famfo da sifana da kayan faci. Ba a barin kowa a baya.
3. Duk wadda ta ji tsoro ko gajiya ta sauka ta tura. Sauran su jira ta, ba kuma a yi mata dariya.
4. A sa wando a ƙarƙashin zane, a ɗaure bakin mayafi da kyau kada ya shiga sarƙa ko ƙafar keke.
5. Babu goyo, babu ɗaukar kaya, sai hannu ya faɗa.
6. In an iso wurin dattawa, a sauka a gaishe su.

Ranar farko

Bayan kaka muka fita, a watan Nuwamba, hunturu ya fara busawa. Mun zaɓi mu je barka, gama 'yar ɗaya daga cikinmu ta haihu a wani ƙauye mai nisan kamar kilomita 7. Da gangan muka yi haka, domin duk wanda ya tambaya mu sami amsar ba shi, kada a ce yawo muka fita. Zumunta a ƙafa take, in ji manya, mu kuwa a ranar ƙafar tamu a kan feda take. Tara suka hau, biyar suka yi gaba a ƙasa tun da asuba domin su jira mu a rabin hanya a yi canji.

Da ƙarfe 6:30 muka bar ƙofar makaranta. Muka shiga burtali, shingen aguwa dama da hagu. An girbe gero da dawa, an tara kara tsibi-tsibi a gonaki, shanun Fulani suna kiwo a cikinsu. Gawo ya fara fitar da sabon ganye, kamar yadda ya saba yi sa'ad da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Muka wuce wani yaro yana kora jakuna da mangalar taki, ya tsaya baki buɗe har jakunan suka yi nisa suka bar shi. Da farko ba mai magana a cikinmu, kowa ta riƙe kan keke gam kamar za a ƙwace mata. Can sai wata ta kaɗa ƙararrawa ba dalili, wata ta amsa mata, sai dariya ta ɓarke daga gaba har baya.

A ƙauye na farko yara suka biyo mu a guje suna ihu, "Mata a keke! Mata a keke!" A nan ne cikin kowa ya ɗuri ruwa. Dattawa suna zaune a gindin darbejiya a bakin hanya. Muka sauka gaba ɗaya, muka rusuna muka gaishe su. Wani tsoho ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Sannunku da hanya, 'ya'yana. Ina zuwa haka da farar safiya?" Inna ta ce, "Baba, barka za mu, an yi mana haihuwa." Ya ce, "Madalla. Allah ya raya. Ku bi ta gabas da rijiya, hanyar yamma rairayi ya yi mata yawa." Muka tura kekunan har muka wuce su, sa'an nan muka hau. Wadda ke gaba ta ce daga baya, da ita kaɗai ce, a wurin nan za ta juya ta koma gida.

Duk da shawarar tsohon, ba mu tsira daga rairayi ba, gama sai da muka ƙetare wata busasshiyar ƙorama. Rairayi yana da nasa hali. In ka shiga da tsoro ka daina murza feda, tayar gaba sai ta nutse ta karkace. In ka zauna sosai a sirdi, ka saki hannu kaɗan, ka ci gaba da murzawa a miƙe, sai ka wuce. Uku suka faɗi, faɗuwa mai laushi, suka tashi suna kakkaɓe zane. Sauran muka sauka muka tura, bisa ga ƙa'ida ta uku.

Bayan an yi canji a rabin hanya, tsidau ya huda tayar baya ta keken wata. Muka tsaya kusa da wani gida, muka yi sallama muka roƙi ruwa a kwano. Malamar lissafi ta zare robar cikin tayar, ta buga mata iska, ta riƙa tsoma ta a ruwan har kumfa ya nuna inda hudar take. Ta goge wurin, ta shafa sholisho, ta jira ya sha iska, ta manna faci. Kafin ta mayar, sai da ta shafa cikin tayar da yatsa ta ciro ƙayar, gama mai faci ya gargaɗe mu cewa in an bar ta a ciki aikin banza aka yi. Muna cikin haka matan gidan suna leƙe ta saman danga. Ɗaya ta matso ta ce da Inna a hankali, "Yaya, ni ma fa na iya a da." A wannan rana kaɗai, mata huɗu suka faɗa mana wannan magana a wurare dabam-dabam, kowacce da murya ƙasa-ƙasa.

Ba kowa ne ya yi mana fatan alheri ba. Wasu samari biyu a kan babur suka rage gudu suna bin mu a gefe, ɗaya yana cewa duniya ta zo ƙarshe, tsofaffi sun koma yara. Inna ba ta ko sauka ba. Ta ce, "Ɗana, tun ba a raɗa maka suna ba na iya keke. Wuce, Allah ya yi maka albarka." Abokinsa ya fashe da dariya, suka ƙara mai suka tafi.

Awa ɗaya da 'yan mintoci muka yi, har da tsaye-tsayen. Da muka isa gidan maijego aka tarye mu da guɗa, aka kawo kunun kanwa da fura. Jaririyar mace ce. Muka dawo kafin rana ta take. Washegari babu wadda ba ta nemi ruwan zafi ba, wasunku kuma kun ga yadda malamanku ke hawa matakalar aji a ranar Litinin.

Maganar lafiya

Tun da yake maganar hana haihuwa ita ce ta sauko da da yawa daga cikinmu daga kan keke, mun roƙi malamar ɗakin shan magani ta yi mana bayani a fili. Ta ce hawan keke ba ya hana mace haihuwa, ba ya kuma taɓa mutuncin budurwa. Malamin tarihi ya ƙara mana da cewa wannan tsoro ba a kanmu aka fara shi ba. Sa'ad da matan Ingila da Amurka suka rungumi keke a shekarun 1890, har wasu likitocinsu sun yi ta gargaɗi cewa zai lalata lafiyar mace, daga baya maganar ta bi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba kowane baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, domin yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga. Keke kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu. Mai ciki dai ta nemi shawara a wurin awo kafin ta hau.

Haɗarin gaske yana wani wuri dabam. Yana kan babban titin Kano zuwa Katsina da na Kano zuwa Daura, inda manyan motoci ba sa ganin mai keke. In ya zama dole mu ƙetare, sauka muke yi mu tura. Yana cikin birkin da ya cinye, da tafiyar dare ba fitila. Yana kuma ga ƙafar yaron da aka ɗora a kariya, wadda takan shiga cikin wayoyin ƙafar keke ta ji mummunan rauni. Duk wadda za ta ɗauki yaro, sai mai faci ya yi masa wurin ɗora ƙafa ya kuma kare gefen.

Inda muke yanzu

Mun kafa adashe, duk wadda ta kwasa keke take saya, yawanci na gwanjo, irin na mata marar ƙarfen tsakiya, wanda ake hawa da zane ba wahala. Uwarmu mai dafa abinci ita muka ba kwasar farko. Yanzu rabin awa take yi a hanya, tana kuma barin gida bayan gari ya waye. Uwar yaron nan mai zazzaɓi tana cikinmu. Biyu daga cikin matan da suka yi mana magana ta saman danga sun zo filin ƙwallo, da yardar mazajensu. Wata kuma ta fara kai kayan miyarta kasuwar Badume da kanta. Yaran ƙauyen farko sun daina ihu, sai dai su ɗaga mana hannu.

Da sauran aiki. Kekuna sun yi tsada, na mata kuma ba su da yawa a kasuwa. Da damina wasu hanyoyin sukan yanke. Akwai kuma gidajen da har yanzu ba a yarda ba, ba mu kuwa da niyyar shiga tsakanin mata da miji. Abin da muke iyawa shi ne mu riƙa wucewa ta ƙofarsu wata-wata, cikin shiga ta mutunci, muna gaisuwa.

Zuwa ga ɗalibai da iyaye

A Jihar Bihar ta ƙasar Indiya, gwamnati ta fara taimaka wa 'yan matan da suka shiga babbar sakandare da kekuna a shekara ta 2006. Masana biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bincika sun ga yawan 'yan matan da ke sakandare a shekarun da suka dace ya ƙaru da kashi 32 cikin 100. Mu ma muna da ɗalibai mata 'yan jeka-ka-dawo waɗanda ke isowa a makare da ƙura har gwiwa, alhali ƙannensu maza sun riga su zuwa a keke. Iyaye, muna roƙonku ku duba wannan. In kuna tsoron yarinya ta tafi ita kaɗai, ku haɗa ta da 'ya'yan maƙwabta su riƙa tafiya tare, yadda muka yi.

'Yan matanmu masu fita, in kun iya keke kada ku ajiye shi shekara 20 kamar yadda aka sa muka yi. Samarinmu, gobe ku ne masu gida. Ku tuna da keken nan da ya kwana a zaure ranar da aka goya yaro zuwa asibiti a ƙasa. Ku koya wa ƙannenku mata tun yanzu, in kuma kun gamu da uwar wani tana layi a hanya, ku ba ta wuri ku ce mata sannu.

 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya tun daga shekara ta 2018, muna kuma fatan mu yi fita ta musamman a makon, in ruwa ya bar mu. Kafin nan, duk uwa ko yaya da ke so ta same mu a ƙofar makaranta a Asabar ta farkon wata, da ƙarfe 6:30 na safe. Wadda ba ta da keke ta zo, za a ba ta aro. Wadda ta manta ta zo, akwai filin ƙwallo. Wadda kuwa take ganin ita ce ta fi kowa rauni, wurinta yana gaba.

Allah ya ba ɗalibanmu masu fita sa'a, ya kuma kai kowa gida lafiya.